"Ku rage gudu, ku kawo yara a gyara musu baya": Me ke cikin sabon saƙon masu kairofraktik?

Duk mai yawan leƙa TikTok ko Facebook zai yi wuya bai taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba. Za a ga mutum kwance a kan wani siririn gado, wani ya tallabe masa kai, ya ɗan juya shi hagu da dama kamar mai lallashi, sannan ya fizge shi. Sai a ji ƙara, ƙas! Wanda aka yi wa ya zaro ido, ya yi ajiyar zuciya, wani lokaci har da hawaye. Miliyoyin mutane na kallon irin waɗannan bidiyoyi, kuma da yawa daga masu ɗora su sukan maƙala wa majinyacin makirufo a riga domin ƙarar ta fito sosai.

Sunan wannan sana'a kairofraktik, kuma a Amurka aka haife ta. Masu yin ta suna danna ƙashin baya da na wuya da hannu, da nufin rage ciwo da sassauta gaɓoɓi. Sai dai wanda ya bi shafukan da yawa daga cikinsu a yau zai tarar maganar ciwon baya ta koma gefe. Abin da ke gaba shi ne nasiha ga iyali: a rage gaggawa, a ajiye waya lokacin cin abinci, a kwanta da wuri, a fita tattaki da yara, a numfasa. A ƙarshen nasihar kuma akwai gayyata, a zo da kowa da kowa, har jaririn goye, a riƙa "daidaita" musu baya a kai a kai ko da babu mai ciwo.

Rabin farko na saƙon babu likitan da zai yi musu da shi. Rabin na biyu ne ya jawo hukumomi a Ostareliya suka hana taɓa ƙashin bayan jarirai har sau biyu cikin shekara biyar, kuma shi ne ya taɓa kai wani marubucin kimiyya kotu a Ingila. Matsalar mai kallo a waya ita ce an ɗaure su a ƙunshi ɗaya.

Daga mai shara zuwa makaranta

Labarin ya faro ne a watan Satumban 1895 a garin Davenport na jihar Iowa. Wani mutum mai suna Daniel David Palmer, haifaffen Kanada, wanda ke sana'ar warkarwa da abin da ake kira ƙarfin maganaɗisu, ya ce ya danna wani ƙashi a bayan Harvey Lillard, mai share ginin da ofishinsa yake, sai kunnen mutumin da ya daɗe ba ya ji sosai ya buɗe. Masana sassan jiki sun sha nuna cewa jijiyar ji ba ta bi ta ƙashin baya, a cikin ƙoƙon kai take. Amma labarin ya riga ya tafi.

Palmer ya gina aƙida a kai. A cewarsa, kashi 95 cikin 100 na cututtuka daga gocewar ƙasusuwan baya suke, domin gocewar na danne jijiyoyi ta hana wata basira da ke cikin jiki gudana. Ya kuma ce wani likita da ya riga ya mutu ne ya sanar da shi tushen ilmin daga duniyar ruhi. Ya buɗe makaranta a 1897. A 1906 aka ɗaure shi na ɗan lokaci saboda yin aikin likita ba tare da lasisi ba.

Ɗansa, B.J. Palmer, shi ne ɗan kasuwar gidan. Ya faɗaɗa makarantar, ya riƙa koya wa ɗalibai dabarun talla, har ya mallaki gidan rediyo mai suna WOC a Davenport, inda wani saurayi mai suna Ronald Reagan ya fara aikin sharhin wasanni kafin ya zama ɗan fim, daga baya kuma shugaban ƙasa. Ke nan tun farkonta sana'ar ta san amfanin makirufo.

Ƙungiyar likitocin Amurka ta yaƙe ta da gaske. A 1963 ta kafa kwamiti na musamman kan likitocin bogi, kuma kairofraktik ce babbar abin harinsa. Sai dai reshe ya juye da mujiya. A 1976 wasu masu sana'ar ƙarƙashin jagorancin Chester Wilk suka kai ƙungiyar ƙara, kuma a 1987 wata alƙaliyar kotun tarayya ta yanke hukuncin cewa likitocin sun haɗa baki ba bisa doka ba domin kassara abokan gasa. Hukuncin bai ce magungunan Palmer na aiki ba, magana ce ta dokar kasuwanci. Amma har gobe ana kawo shi a matsayin shaidar cewa an zalunci gaskiya ta yi halinta.

Kafin hukuncin ma ƙofofi sun fara buɗewa. A 1972 shirin inshorar lafiyar tsofaffi na gwamnatin Amurka, Medicare, ya fara biyan kuɗin wasu ayyukansu, kuma a 1974 Louisiana ta zama jiha ta ƙarshe da ta amince da ba su lasisi. Yanzu akwai masu sana'ar kimanin 70,000 a ƙasar. Alƙaluman gwamnati sun nuna manyan da ke zuwa wurinsu sun ƙaru daga kashi 7.4 cikin 100 a 2002 zuwa kashi 11 a 2022. Suna yin karatu na kusan shekara huɗu, ana kiran su dakta, amma ba likitocin asibiti ba ne: ba sa tiyata, kuma a kusan dukkan jihohi ba su da ikon rubuta magani.

A cikin gidan kuwa akwai ɓaraka tun zamanin B.J. Wani ɓangare ya yarda cewa aikinsa ciwon baya da wuya ne kawai, yana haɗawa da motsa jiki, yana tura mara lafiya asibiti idan abin ya fi ƙarfinsa. Ɗaya ɓangaren na riƙe da tsohuwar aƙidar gocewar ƙashi. Mafi yawan saƙon "lafiyar iyali" daga wannan ɓangare na biyu yake fitowa.

Kasuwar gajiya

Ruwa ba ya tsami banza. Saƙon ya samu kunnen sauraro ne domin iyaye a Amurka sun gaji, kuma gwamnatinsu da kanta ta faɗa. A watan Agustan 2024 babban jami'in kula da lafiyar al'umma na ƙasar a lokacin, Dakta Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi na musamman kan halin da iyaye ke ciki. Rahoton ya kawo alƙaluman da ke cewa kashi 48 cikin 100 na iyaye na jin damuwa ta yi musu katutu a mafi yawan ranaku, idan aka kwatanta da kashi 26 na sauran manya. Irin wannan gargaɗi ba kasafai ofishin ke fitar da shi ba, shi ne ofishin da a 1964 ya bayyana wa Amurkawa illar taba sigari.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Amurka ba ta da dokar tarayya da ke tilasta biyan mace albashi a hutun haihuwa. Dokar 1993 ta ba da mako 12 ne ba tare da albashi ba, ita ma ba kowane ma'aikaci ta shafa ba. Kuɗin renon yara ya yi tsada, kaka da goggo na can wata jiha mai nisa, waya kuma ta sa aikin ofis na bin mutum har gadonsa. Likitan yara yana da 'yan mintuna ne ga kowane iyali. Uwa mai jaririn da ke kwana kuka za ta fito daga wurinsa da jawabin cewa abin zai wuce da kansa, wanda gaskiya ne, amma ba ya sa ta barci.

Mai kairofraktik kuwa zai zaunar da ita, ya tambaye ta yadda haihuwar ta kasance, ya saurara, ya taɓa jaririn a hankali, ya ce ta dawo jibi. Lokaci da sauraro da taɓawa su ne hajar da ya fi kowa, kuma haja ce ta gaske. Wanda ya raina ta bai san abin da ke kai mutane wurin mai magani ba, a Iowa ko a Kurmi.

Ita kanta kalmar "a rage gudu" ba masu gyaran baya suka ƙirƙiro ta ba. A 1986 wani ɗan Italiya mai suna Carlo Petrini ya jagoranci adawa da buɗe shagon McDonald's a tsakiyar birnin Rum, daga nan aka samu ƙungiyar masu rajin cin abinci a natse. A 2004 ɗan jaridar Kanada Carl Honoré ya rubuta littafin da ya yaɗa ra'ayin zuwa aiki da tarbiyya. Dabarar tattara hankali wuri guda kuma, wadda ta samo asali daga bimbinin mabiya addinin Buda, Jon Kabat-Zinn ne ya shigar da ita asibiti a jami'ar Massachusetts a 1979 bayan ya cire mata rigar addini. Masu kairofraktik sun tarar da kasuwa ta ci, suka kafa rumfa. Kuma kasuwa ce babba: wata cibiya mai bin diddigin harkar, Global Wellness Institute, ta ƙiyasta darajarta a duniya da dala tiriliyan 6.3 a 2023, kodayake lissafin nata ya haɗa har da wuraren shaƙatawa da kayan kwalliya.

A nan ne lissafin ciniki ke shigowa. Mafi yawan sabon ciwon baya na sauƙi da kansa cikin makonni kaɗan, a yi magani ko kada a yi. Asibitin da ke jiran masu ciwo kawai zai ga mutum sau huɗu ko biyar, shi ke nan. Amma idan aka gamsar da mutum cewa bayansa kamar mota ne da ke buƙatar sabis, kuma matarsa da yaransa uku ma haka, to an samu abokan ciniki biyar na shekara da shekaru. Shi ya sa da yawa ke sayar da rajistar wata-wata ta iyali, kamar yadda ake sayen data. Wannan ba ya nufin duk mai yin haka mayaudari ne. Da yawa sun yi imani da abin da aka koya musu. Amma imani da riba sun hau layi ɗaya, kuma idan haka ta faru ba mai saurin tambayar hujja.

Abin da aka auna

A kan ciwon ƙugu da gadon baya, sana'ar na da abin faɗa. Ciwon shi ne kan gaba wajen naƙasa mutane a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da shi a 2020, kuma ana hasashen adadin zai kai miliyan 843 a 2050. A 2017 wata babbar ƙungiyar likitocin Amurka ta ba da shawarar a fara da hanyoyin da ba na ƙwaya ba, kamar gashi da tausa da danna ƙashin baya. Shawarar ta zo ne lokacin da ƙasar ke binne dubban mutane duk shekara saboda ƙwayoyin kashe raɗaɗi masu kama jiki, matsalar da mai karatu a Kano ko Maraɗi da ya ga abin da tiramol ya yi wa matasa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kanta.

A watan Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan ciwon baya mai daɗewa. Ta sa danna ƙashin baya cikin abubuwan da za a iya gwadawa, tare da motsa jiki, tausa, ilmantar da mara lafiya da kuma shawarwarin masana halayya. Ta ce a guji ɗamarar ƙugu, da na'urar jan baya, da ƙwayoyi masu kama jiki.

Sai dai manyan nazarce-nazarcen da suka tattara gwaje-gwaje, irin wanda mujallar JAMA ta buga a 2017 da na BMJ a 2019, sun tsaya kan abu ɗaya: amfanin matsakaici ne, kuma bai fi na motsa jiki ko gashin ƙashi ba. Wani gwaji da aka yi a Suwidin aka buga a 2018 ya ba masu ra'ayin "sabis" ɗan abin riƙewa. Masu ciwon baya mai yawan dawowa da aka riƙa dubawa a kai a kai sun samu ragin kusan kwana 13 na ciwo a shekara. Amma mutanen da aka zaɓa masu ciwo ne, waɗanda tun farko jikinsu ya karɓi maganin. Gwajin bai ce komai ba game da mai lafiya, balle yaro.

Ita kuwa ƙarar da ke jan hankalin masu kallo, ba ƙashi ba ne ke komawa mazauninsa. A 2015 masu bincike a jami'ar Alberta ta Kanada, ƙarƙashin wani farfesa wanda shi kansa ya karanci kairofraktik, sun ɗauki hoton yatsa a na'urar MRI lokacin da ake jan sa. Abin da suka gani shi ne wani kumfan iska na samuwa a cikin ruwan gaɓa. Ƙarar da yaro ke yi da yatsunsa a aji ita ce dai wannan.

Tushen aƙidar ma ya sha duka daga cikin gida. A 2010 hukumar da ke kula da sana'ar a Birtaniya ta sanar da mambobinta cewa batun gocewar ƙashi a matsayin sanadin cututtuka ra'ayi ne na tarihi, kuma babu binciken asibiti da ya goyi bayansa.

Akwai kuma batun "wuyan waya", kalmar da wani mai kairofraktik a Florida ya yaɗa. Wani likitan tiyatar baya a New York, Kenneth Hansraj, ya lissafa a 2014 cewa kan mutum mai nauyin kusan kilo 5 na ɗora wa wuya nauyin da ya kai kilo 27 idan aka sunkuyar da shi sosai. Lissafi ne na kwamfuta, ba a jikin mutane aka auna ba, kuma binciken da ya biyo baya bai samu alaƙa mai ƙarfi tsakanin yadda mutum ke riƙe waya da ciwon wuya ba. Abin da ya fi tabbata shi ne daɗewa a zaune wuri ɗaya, da ƙarancin barci, da damuwa, duk suna ƙara ciwo. Maganinsu kuma tashi ne, ba rajista ba.

Inda gizo ke saƙa

A farkon 2019 wani bidiyo ya karaɗe Ostareliya. An ga wani mai kairofraktik a Melbourne ya riƙe jariri ɗan mako biyu ta ƙafafu, kansa a ƙasa, sannan ya riƙa danna masa wata 'yar na'ura a baya jaririn na tsala kuka. Ministar lafiya ta jihar Victoria ta nemi a yi bincike, hukumar kula da sana'ar kuma ta dakatar da danna ƙashin bayan yara 'yan ƙasa da shekara 2.

Sakamakon binciken, wanda ya fito a ƙarshen shekarar, ya ba kowane ɓangare abin da ba ya so. Bai samu hujjoji masu yawa na cewa an cutar da yara ba, kuma dubban iyayen da suka aiko da ra'ayi sun ce sun gamsu. Amma bai samu hujja mai ƙarfi ba cewa aikin na maganin kukan ciki na jarirai, ko ciwon kunne, ko asma, ko fitsarin kwance. Don haka ya ba da shawarar kada a danna bayan yaro ɗan ƙasa da shekara 12 da sunan "ƙarin lafiya" kawai, ko don ciwon da bai shafi ƙashi da tsoka ba. Wato dai ainihin abin da saƙon iyali ke tallatawa.

A ƙarshen 2023 hukumar ta janye takunkumin ba tare da wata hayaniya ba. Da labarin ya fito fili a watan Yunin 2024, likitocin yara suka yi ca, ministan lafiya na tarayya Mark Butler ya nemi bayani, kuma cikin 'yan kwanaki aka mayar da haramcin.

Birtaniya ta riga ta ga nata. A 2008 marubucin kimiyya Simon Singh ya rubuta a jaridar Guardian cewa ƙungiyar masu kairofraktik ta ƙasar na tallata magungunan cututtukan yara da ba su da hujja. Ƙungiyar ta maka shi kotu kan ɓata suna. Shari'ar ta ci shekara biyu da maƙudan kuɗi, amma a watan Afrilun 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayansa, ƙungiyar ta janye. Kafin nan masu goyon bayansa sun bi shafukan intanet na masu sana'ar ɗaya bayan ɗaya, suka shigar da ƙorafi kan ɗaruruwa daga cikinsu. Shari'ar na cikin abubuwan da suka sa aka gyara dokar ɓata suna ta Ingila a 2013.

Dalilin da ya sa iyaye ke rantsuwa cewa abin ya yi aiki ba shi da wuyar ganewa. Kukan ciki kan kai ƙololuwa ne wajen mako shida, ya lafa da kansa a wata na uku ko na huɗu. Iyaye kan nemi taimako lokacin da abin ya fi tsanani. Duk abin da aka yi a wannan makon, shi zai karɓi yabo.

Haɗarin da ya fi ƙarar ƙashi girma shi ne abin da ke biyo bayan amana. Idan uwa ta yarda cewa daidaitaccen baya na ƙarfafa garkuwar jiki, mataki na gaba gajere ne. Ƙin allurar rigakafi tsohon abu ne a wani ɓangare na sana'ar, tun daga Palmer, kuma a 2021 kamfanin dillancin labarai na AP ya wallafa bincike kan yadda wasu daga cikinsu suka zama manyan masu yaɗa ƙarya kan rigakafin korona. Ba duka ba ne, akwai masu sana'ar da ke adawa da hakan a fili. Amma tun da Robert F. Kennedy ƙarami, wanda ya daɗe yana sukar rigakafi, ya zama sakataren lafiya na Amurka a watan Fabrairun 2025, wannan ɓangare ya samu kunne a sama. Arewacin Najeriya ya san kuɗin irin wannan shakku: dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 ya mayar da cutar ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

Sai batun wuya, wanda ya shafi manya. Akwai jijiyoyin jini guda biyu da ke ratsa ƙasusuwan wuya zuwa ƙwaƙwalwa. Fizga mai ƙarfi na iya tsaga bangon ɗaya daga ciki, jini ya daskare, a samu shanyewar ɓarin jiki. A 2016 wata mai tallan kaya a Amurka, Katie May, ta rasu tana da shekara 34, kuma ofishin binciken gawa na Los Angeles ya danganta mutuwar da tsagewar jijiya sakamakon murɗa wuya da mai kairofraktik ya yi mata. Abin ba ya yawan faruwa. Masu kare sana'ar na kawo wani binciken Kanada na 2008 da ya nuna cewa mai yiwuwa jijiyar ta riga ta fara tsagewa, ciwon ne ya kai mutum neman magani. Hujja ce mai ma'ana, amma tana yanka ta ɓangare biyu: idan ciwon wuya na iya zama alamar jijiya mai tsagewa, murɗa shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a yi. A 2014 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce a riƙa sanar da mutum wannan haɗari kafin a taɓa wuyansa. Ba a jin wannan jawabi a bidiyon daƙiƙa talatin.

Idan ta iso nan

A Najeriya masu takardar kairofraktik ta gaske kaɗan ne, kuma doka ta ɗora rajistarsu a kan hukumar da ke kula da masu gashin ƙashi da sauran ma'aikatan farfaɗo da gaɓoɓi. Abin da ya fi yawa shi ne kwaikwayo. Bidiyon ba ya buƙatar fassara, kuma duk mai gadon tausa ko wurin motsa jiki na iya kallon guda ɗari ya ce ya iya.

Ƙasar da yake faɗowa a kai kuma ta saba da hannu. Masu ɗori sun daɗe suna aiki a kowane gari, mutane na zuwa wurinsu saboda kusanci da sauƙin kuɗi da gadon amana, dalilan da ba su da nisa da na uwar nan ta Amurka. Likitocin asibitin ƙashi na Dala da takwarorinsu sun san ɗaya fuskar: hannun yaro da aka ɗaure tamau har jini ya daina zagayawa, aka kawo shi lokacin da ba abin da ya rage sai yankewa.

Bambancin da ya fi muhimmanci shi ne irin ciwon bayan da ake da shi a nan. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tarin fuka a duniya, kuma cutar na iya kama ƙashin baya ta cinye shi a hankali, mutum na zaton gajiyar gona ce ko ta kabu-kabu. Akwai masu sikila, waɗanda ƙasusuwansu ke da rauni. Akwai dattawa da sankarar mafitsara ta bazu zuwa bayansu ba su sani ba, da tsofaffin mata masu ƙashi mara ƙwari. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, danna baya da ƙarfi na iya karya ƙashi ko taɓa laka. Mai sana'ar da ya yi karatu an koya masa ya tantance su kafin ya sa hannu. Wanda ya koya a waya, ƙarar kawai ya koya.

Nasihar rage gudun ma sai an tace ta. An rubuta ta ne domin iyali mai mutum huɗu a gida mai shiru, inda matsalar ita ce kaɗaici da jadawalin da ya cika. Magidancin da ke fita tun asuba ya dawo bayan isha ba don son gudu yake yi ba, farashin masara ne ke korar sa. Matar da ke surfe da ɗiban ruwa da goyo ba ta rasa motsa jiki ba, hutu ta rasa. Wasu abubuwan da ake sayarwa can da dala kuma, kamar cin abinci a kwano ɗaya, zaman hira bayan magariba, ko kakar da za ta karɓi jariri uwa ta runtsa, suna nan a gidaje da yawa, kodayake waya da ƙaura zuwa birni na rage su.

Abin da ya rage mai amfani ga kowa bai wuce shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar kyauta ba: minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako ga babba, kada a ba jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya allo ko kaɗan, yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Ga mai sabon ciwon baya, likitoci sun daina cewa a kwanta. Ci gaba da zirga-zirga daidai ƙarfi ya fi saurin kawo sauƙi.

Akwai kuma alamomin da idan suka zo tare da ciwon baya, ba na gadon tausa ba ne, ko na mai ɗori, ko na mai takardar Amurka: zazzaɓi da zufar dare, rama ba dalili, ƙafa na mutuwa ko tana ja, rashin jin taɓi a tsakanin cinyoyi, fitsari ko bayan gida na zuwa ba a sani ba ko ya ƙi fita, da ciwon da ke tashin mutum daga barci kullum. Haka wanda aka murɗa wa wuya ya ji jiri, ko gani ya rabu biyu, ko harshe ya yi nauyi. Wannan na buƙatar asibiti a cikin awannin farko, domin magungunan narkar da daskararren jini a ƙwaƙwalwa suna da ƙayyadadden lokaci, kusan awa huɗu da rabi daga fara alamun.